Tambaya da Amsa: Addinin Wika, Barin Cin Nama da Tukunyar Kano

Tambayoyin wannan watan sun taru a kan abu ɗaya: mutanen da suka daina cin nama da nono da ƙwai da duk abin da ya fito daga jikin dabba, musamman waɗanda ke cewa addininsu na Wika ne ya sa su. Mu biyu muka zauna a kan wasiƙun, ɗaya fanninsa tarihin addinai, ɗaya fanninta abinci da lafiyar jiki. Bayani muke yi don a san abin yadda yake, ba kira muke yi zuwa gare shi ba.

Assalamu alaikum. Muna wani kwas ta intanet tare da wata Baturiyar Ingila. Ta ce ita 'yar Wika ce, kuma addininta ya hana ta cin nama da shan madara. Da na duba fassarar sunan da take kiran kanta da shi, sai na ga "mayya". Shin maita ce? Kuma da gaske addinin nasu ya haramta nama? — Ɗalibi, Kabuga

Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara sauke maganar maita. A wurin Bahaushe, maye shi ne mai kama kurwar mutum, kuma ba wanda ke fitowa fili ya ce shi ne. Ƙamus ne ya haɗa kalmarsu ta Turanci, witch, da tamu, amma kama da wane ba ta wane. Wika, wanda Turawa ke rubutawa Wicca, addini ne na baya-bayan nan da ya fito fili a Ingila bayan da aka soke tsohuwar dokar hana sihiri a 1951. Wanda ya fito da shi shi ne Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka a Malaya, wanda ya buga littafi a kan lamarin a 1954, ya mutu a 1964. Mabiyansa suna bauta wa abin bauta biyu, mace da namiji. Macen suna danganta ta da wata da ƙasa da haihuwa. Namijin suna siffanta shi da ƙaho, suna danganta shi da daji da namun dawa da farauta. Suna da bukukuwa takwas a shekara masu bin juyin rana da lokutan noma, suna taruwa idan wata ya cika, suna kuma yin abin da su da bakinsu suke kira sihiri. A ma'aunin Musulunci wannan shirka ce, babu kwana-kwana. Amma ba cin kurwa ba ne. Ba su ma da yawa: a ƙidayar Ingila da Wels ta 2021, kimanin mutum 13,000 ne suka rubuta Wika a matsayin addininsu.

Batun nama kuwa, a'a, addinin bai haramta shi ba. Ba su da littafi ɗaya da kowa ke komawa gare shi, ba su da shugaba ɗaya, ba su da majalisar fatawa. Ƙananan ƙungiyoyi ne, a al'ada ba sa wuce mutum 13, wasu ma kowa shi kaɗai yake yi a ɗakinsa. Babu jerin halal da haram na abinci, kuma da yawansu suna cin nama ba tare da wani ya ce sun fita daga addinin ba.

Abin da suke da shi wata jimla ce mai kalma takwas a tsohon salon Turanci, wadda aka fara ji a bainar jama'a daga bakin Doreen Valiente, ɗaya daga cikin jagororin addinin na farko, a wani jawabi a 1964. Ma'anarta: matuƙar babu cutarwa, yi abin da kake so. Sunan da suke kiran jimlar, Rede, shi kansa ma'anarsa shawara ce, ba doka ba. To a nan gizo ke saƙar. In za ka mayar da ita Hausa, dole ka zaɓa tsakanin "kada ka cutar da kowa" da "kada ka cutar da komai". Hausa ta raba biyun, kalmar Turancin ba ta raba ba. Mai cin nama a cikinsu zai ce "kowa" ake nufi, wato ɗan Adam. Abokiyar karatunka za ta ce ita ma "kowa" ɗin ta ɗauka, sai dai saniya tana ciki, domin tana jin zafi, tana jin tsoro, tana kukan neman ɗanta. Duk rigimar a kan wannan take: wa ke cikin "kowa"?

Masu barin naman suna da ƙarin hujja uku. Sun yarda cewa abin bautarsu yana cikin halittu ne, ba a waje da su ba, don haka wulaƙanta dabba wulaƙanta abin bauta ne. Da yawansu sun yarda cewa abin da ka aikata, alheri ko sharri, yana komo maka ninki uku. Sannan a cikin wani karatu da suke yi a wurin ibada, wanda Valiente ta sake wa fasali, an sa abin bautarsu mace tana cewa ba ta neman a yi mata yanka. Wannan ya bambanta su ƙwarai da tsafin da tarihin Kano ya ruwaito a gindin Dala zamanin Barbushe, inda ake kai baƙin bunsuru da baƙar kaza da baƙin kare.

Ɗaya ɓangaren ma ba su rasa abin faɗa ba. Mai ƙahon nan ai ubangidan farauta ne. Bikinsu na Samhain, wanda ake furtawa Sawin, a daren 31 ga Oktoba, ya faɗo ne daidai lokacin da manoman Turai na da suke yanka dabbobin da ba za su iya ciyarwa a lokacin sanyi ba. Bikin Imbolc na farkon Fabrairu yana da alaƙa da haihuwar tumaki da zuwan nononsu. Na Ostara a watan Maris alamarsa ƙwai ce. Suna cewa rai da rai yake rayuwa, abin da ake nema shi ne godiya da rashin azabtarwa.

A ganinmu, in abokiyar karatunka ta ce barin naman wajibi ne a kanta, ta faɗi gaskiyar zuciyarta, kuma a girmama wannan. In ta ce addinin ne ya haramta, ta kai magana inda ba ta kai ba. Aƙidar ƙaurace wa kayan dabba tana da tushenta daban: Donald Watson da abokansa ne suka kafa ƙungiyarta a Ingila a watan Nuwamba na 1944, shekara 10 kafin littafin Gardner, kuma ba ƙungiyar addini ba ce. Daga baya ne wasu 'yan Wika suka ɗauko ta suka ɗora a kan jimlar tasu.

In dai rashin cutarwa ce ƙa'ida, ai noma ma kisa ne. Garma na tsinka tana, feshi na kashe ƙwari, ana sa wa ɓera guba a rumbu. Kuma me saniya ta rasa don an tatse ta, ko kaza don an ɗauki ƙwanta? Anya ba yaudarar kansu suke yi ba? — Malamin sakandare, Gwale

Malam, tambayarka tana da ƙarfi, kuma masu hankali a cikinsu ba sa musun rabinta na farko. Shi ya sa ƙungiyar Watson, a bayanin da ta yi wa aƙidar, ta sa sharaɗin "gwargwadon abin da zai yiwu". Hujjarsu ta lissafi ce: dabbar da ake kiwo a gonakin zamani hatsi take ci, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waken suyan da ake nomawa a duniya dabbobi ake ba. Don haka, in ji su, mai cin naman irin waɗannan gonaki ya ɗauki alhakin yankan, ya ƙara da na gonar da ta ciyar da dabbar. Wannan hujja tana tsayawa da ƙafarta a Turai da Amurka. A kan akuyar da ke cin ƙaiƙayi da harawa da ɓawon wake a bayan gida a Gwale, ko shanun da ke kiwo a fadamar da ba a nomawa, ƙarfinta yana raguwa sosai, kuma ya kamata a faɗi haka.

Nono da ƙwai kuwa, abin da suke kallo ba tatsar ba ce, tsarin da ke bayanta ne. Saniya ba ta ba da nono sai ta haihu. A manyan gonakin madara ana raba ta da maraƙin cikin sa'o'i ko kwanaki kaɗan, namijin maraƙi kuma yanka ne makomarsa tun da ba zai ba da nono ba. A wuraren ƙyanƙyasar kajin ƙwai, 'yan tsakin da suka fito maza ana kashe su ran da aka ƙyanƙyashe su, domin ba sa yin ƙwai kuma ba irin kajin nama ba ne. A rugar Fulani ba haka abin yake ba: sai an saki maraƙi ya fara tsotso kafin nonon ya sauko, a tatsa, a bar masa saura. Akwai 'yan Wika da za su sha wannan nonon su ƙi na kwali. Akwai waɗanda za su ƙi duka, su ce nonon na maraƙi ne tun farko.

Inda aƙidar take matsa musu da gaske shi ne a cikin kayan ibadarsu. Kyandir na kakin zuma, ganga mai fatar akuya, gashin tsuntsu, ƙahon barewa, da ɗan biskit ɗin da suke rabawa a ƙarshen taro wanda galibi da zuma da man shanu ake yinsa, duk daga dabba suke. Mai tsanantawa sai ya koma kyandir na kakin waken suya da ganga mai fatar roba, ya tsinci gashin da tsuntsu ya zubar da kansa. Roba kuwa daga man fetur take, ba ta ruɓewa, ga shi addinin yana cewa ƙasa abin girmamawa ce. Wannan ƙullin har yau ba su warware shi a tsakaninsu ba.

Ina sana'ar girkin biki da na baƙi. An ba ni aikin ciyar da wata baƙuwa Baturiya na kwana huɗu, an ce ba ta cin komai na dabba saboda addininta. Ni ban taɓa ɗora miya ba nama ko kifi ba. Me zan dafa mata, kuma me zan kiyaye? — Mai girki, Titin Zoo

Hajiya, kwantar da hankalinki, rabin abincin Kano dama na tsiro ne. Matsalar ba ta babban abu ba ce, ta ƙananan abubuwa ce da hannu ya saba zubawa ba tare da tunani ba. Man shanun da ake yaryaɗawa a kan tuwo. Romon nama a dafa-duka. Garin busasshen kifi ko na ƙananan jatan lande a alale da miya. Ƙwai a kan ɗan wake, ko wanda ake tsoma awara a ciki kafin suya. Nono ko ƙwai da wasu ke sa wa ƙullin waina. Madara a kunun gyaɗa. Zuma a alkaki. Burodi ma ki tambaya, wani da madara da bota ake kwaɓa shi. Dunƙulen ɗanɗano ki karanta bayan takardarsa, mai hoton kaza ko mai cewa ɗanɗanon nama ki ajiye shi, in kuma rubutun bai fito miki ba ki bar shi gaba ɗaya, daddawa da gishiri da albasa sun isa. Tukunya da ludayi wankewa kawai suke buƙata, ba sai kin sayi sababbi ba. Man da aka soya nama ko kifi a ciki shi ne ba za ki yi amfani da shi ba.

Da safe: koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa na gyaɗa da shinkafa da tsamiya zalla, ko waina da miyar taushe. Da rana: garau-garau da man gyaɗa da yaji da latas da tumatir, ko ɗan wake, ko dambun shinkafa da zogale, ko faten wake da alayyafo. Da dare: tuwo da miya. Tsakani kuma kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, zoɓo, kunun aya, da 'ya'yan itace daga 'Yan Lemo. Gurasa bandashe ki haɗa ta da kanki a gida, domin a wajen mai tsire faranti ɗaya da wuƙa ɗaya da mai ɗaya suke bi ta kan nama da gurasar. In tana son fura, ki dama mata da kunun aya mai kauri wanda ba a sa sukari da yawa ba.

Miyar kuka ce za ta gwada ki, don haka ga yadda za ki yi ta mutum shida. Ki surfa wake rabin kofi ki wanke ɓawon, ki dafa shi shi kaɗai har ya narke. Shi zai ba miyar jikin da romo ke bayarwa. A wata tukunyar ki zuba man gyaɗa cokali 4, ki yanka manyan albasa 2, ki soya a wuta kaɗan minti 12 zuwa 15 har ta yi ja ba ta ƙone ba. Kada ki yi gaggawa a nan, zaƙin miyar daga wannan albasar yake. Ki daka daddawa guda 3 da tarugu 2 da citta da tafarnuwa da ɗan masoro, ki zuba a kan albasar ki juya minti 2, sannan ki juye waken da ruwa lita ɗaya da rabi da gishiri. Ki bar shi ya yi ta tafasa minti 25 zuwa 30. In kika rage wannan lokaci, daddawar ba za ta nuna ba, warinta zai fito sama da daɗinta, kuma babu nama da zai rufe miki. Sai ki rage wuta, ki riƙa barbaɗa kuka cokali 5 zuwa 6 kaɗan-kaɗan kina kaɗawa da maburgi. In kika juye ta gaba ɗaya za ta yi gudaji, in kika bar ta tana tafasa a rufe za ta tsinke ta yi duhu. Minti 5 ya isa. A maimakon man shanu, ki soya man gyaɗa da albasa ki ajiye a gefe a zuba a kan tuwon.

Irin wannan gindin miya shi za ki yi wa taushe da kuɓewa da zogale, sai dai a taushe da zogale markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce za ta maye gurbin waken. Yaji ki sa a gefe, ki bar ta ta ɗiba da kanta. Abu ɗaya da muke roƙonki: kada ki tsame nama daga miya ki miƙa mata a kan cewa ba za ta gane ba. Amana aka ba ki, kuma baƙonka annabinka.

'Yata mai shekara 17 ta daina cin nama da ƙwai da nono wata biyar ke nan, tun da ta kalli wasu bidiyo na yadda ake yi wa dabbobi a waya. Ko naman layya ta ƙi ci. Wata maƙwabciya ta ce mini wannan hanyar matsafan Turai ce. Ina tsoron imaninta, ina tsoron lafiyarta. — Uwa, Kurna

Mama, Allah Ya shirya mana zuri'a. Barin nama shi kaɗai ba alamar tsafi ba ne. Akwai masu barinsa a cikin mabiya addinai daban-daban da marasa addini, 'yan Wika ɗan ƙaramin yanki ne a cikinsu. Ki zauna da ita cikin natsuwa ki yi mata tambaya ɗaya: tana ganin naman haram ne, ko zuciyarta ce ba ta iya ci? Bambancin yana da girma. Aya ta 87 a Suratul Ma'ida ta hana mu haramta abubuwa masu daɗi da Allah Ya halatta, kuma a Sahihu Muslim an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yarda da waɗanda suka ɗora wa kansu irin wannan tsanani a matsayin ibada ba, cikinsu har da wanda ya ce ba zai ci nama ba. Wanda kuwa ya bar wani abinci don ransa ba ya so, bai ce haram ne ba, maganarsa daban ce. Fatawar ki kai wa malamin da kuka amince da shi.

Tausayin da ya taso mata kada a murƙushe shi, a nuna mata mazauninsa a addininta. Hadisin Shaddad ɗan Aus yana cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar. An ruwaito matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Duk wanda ya ga yadda ake rataye kaji a kife a bayan babur da tsakar rana ya san 'yar taki ba ta ga ƙarya ba.

Lafiya kuwa, abu ɗaya ne ba a ciniki a kansa: bitamin B12. Babu shi a tsiro ta yadda za a dogara. Zogale ba ya bayarwa, kuka ba ta bayarwa, daddawa ba abin dogaro ba ce. Jikin babba yana buƙatar maikirogiram 2.4 a rana. Hanta tana ajiye shi na shekaru, shi ya sa yarinya za ta yi shekara biyu ko uku tana cewa lafiyarta ƙalau, sannan gajiya da ƙarancin jini da jin dindiris ko tsira-tsira a tafin hannu da ƙafa da mantuwa su biyo baya. Ganye da wake suna da sinadarin folik da yawa, shi kuma yana iya ɓoye alamar a gwajin jini alhali jijiyoyi na lalacewa, wata lalacewar ba ta gyaruwa. Ƙungiyar masu wannan aƙida da kanta tana ba mabiyanta shawarar shan ƙwayar B12, aƙalla maikirogiram 10 kullum, ko 2,000 sau ɗaya a mako. Ana samun ƙwayar a kantin magani, ki sa ta fara yanzu, ba sai alama ta bayyana ba.

Na biyu sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Budurwa mai shekarunta tana buƙatar miligiram 15 a rana, kuma na tsiro ba ya shiga jiki kamar na nama, don haka ana so ta samu kusan ninki biyu. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana da kimanin miligiram 4. Ta riƙa cin wake ko awara sau biyu a rana, da alayyafo da zogale da riɗi da gero, ta haɗa da lemo ko gwaba ko ɗanyen tumatir a lokaci ɗaya, domin bitamin C yana taimaka wa jiki ya tsotse shi. Shayi kuma ta ba shi tazarar awa ɗaya daga abinci, yana hana tsotsewar. Sinadarin gina jiki ba shi ne abin tsoro ba: mai nauyin kilo 55 tana buƙatar kimanin giram 45 zuwa 50, kofin wake yana ba da 13, tafin hannu na gyaɗa 7, ragowar daga awara da tuwo da ƙuli-ƙuli. A rage kanwa a girkin wake, tana kashe wasu daga cikin bitamin B. Gishirin gida ya zama mai aidin.

In kika ga tana ramewa, ko tana ƙara yanke wasu abincin bayan na dabba, ko al'adarta ta ɗauke, wannan ya wuce maganar tausayin dabba, ki kai ta asibiti. Kuma ko ba haka ba, a yi mata gwajin jini yanzu, a sake bayan wata shida.

Na gwada yin madarar waken suya da awara a gida sau uku. Madarar tana warin ɗanyen wake, awarar kuma ko ta ƙi haɗuwa ko ta yi tsami ta farfashe. — Amarya, Hotoro

Amarya, kusan kullum ɗayan abu huɗu ne: jiƙo, yawan ruwa, tafasa, ko tsami. Ki auna waken suya kofi 2, na bana, domin tsohon wake ba ya ba da madara mai kauri. Ki jiƙa awa 6 zuwa 8. A zafin Kano na Afrilu da Mayu kada ya kwana a ruwa, zai fara tsami tun a kwano, madarar kuma ta tsinke tana kan wuta. Ki murje ɓawon, ki markaɗa, ki tace da ƙyalle mai laushi, jimillar ruwan kada ya wuce lita 3. In ruwa ya yi yawa babu abin da zai dunƙule. Ki ɗora a babbar tukunya saboda kumfa na tasowa lokaci ɗaya, ki bar ta ta tafasa minti 15 zuwa 20 kina juya gindin. Wannan tafasar ce ke rage warin, ita ce kuma ke kashe sinadarin da ke hana jiki narkar da waken. Madarar sha ta kammala a nan, ta kwana biyu zuwa uku ce a firiji, ba a kuma shayar da jariri da ita a madadin nonon uwa.

Don awara, ki sauke ki jira minti 3 zuwa 5. Ki surka ruwan lemon tsami cokali 5 zuwa 6 a kofin ruwa, ko ki yi amfani da ruwan tsamin kamu ko na tsamiya. Ki zuba kashi ɗaya cikin uku, ki juya a hankali sau biyu, ki dakata. Ki ƙara sai in ruwan bai washe ba. Da zarar ya koma garai-garai mai ɗan ruwan ɗorawa, ki tsaya ko da saura a kofin, domin wannan sauran shi ke sa ta tsami ta farfashe. Ki rufe minti 10, ki kwashe a ƙyalle, ki sa gishiri da albasa da tarugu, ki ɗaure ki danne da dutse minti 30 zuwa awa ɗaya. Kada kanwa ta kusanci tukunyar, tana kashe tsamin, awarar ba za ta haɗu ba.

Ina sayar da kayan fata a Kasuwar Kurmi. Wani Bature ya yi ciniki da ni na tabarmi da faifai, na ƙara masa ɗan jakar fata kyauta, ya ƙi karɓa. Raini ne? — Ɗan kasuwa, Kurmi

Alhaji, ba raini ba ne, mai yiwuwa irin mutanen da muke magana a kansu ne. Aƙidar ba a baki kaɗai ta tsaya ba: ba sa sa fata, ko ulu, ko alharini, domin shi ana dafa tsutsar ne a cikin gidanta kafin a zare zaren. Irin wannan baƙo ka nuna masa yadin auduga mai rinin baba na Ƙofar Mata, da sassaƙaƙƙiyar ƙwarya, da malafa, da kayan kaba. Ka duba gefen mafici da bakin malafa da hannun kwando kafin ka miƙa, domin masu saƙa sukan ɗinke su da siririyar fata, ka ware waɗanda aka ɗinke da zare ko kaba zalla a gefe guda.